Takardar da Ta Kai Ni Batsari

Kun sha yi mani dariya a kan takarda. Ko ambulan ɗin katin biki aka kawo gidan nan sai na farke shi na juya, na tura ƙarƙashin katifa, har Sani ya sa mani suna Hajiya Sito. Wannan bai dame ni ba, ku yi ta yi. Abin da ya dame ni shi ne labarin shekara biyun da na yi a Batsari nesa da gida, domin na ji shi iri-iri a bakinku, kuma babu na gaskiya a ciki. Wani ya ce sharri aka ƙulla mani a ofis, wata ta ce faɗa na yi da shugabana. Tun da sauran ƙarfin idona, bari in rubuta maku yadda aka yi.

Lokacin muna Safana, ni ce mai buga tafireta a ofishin da ke kula da malaman makarantun ƙauye. Babanku, Allah ya jiƙansa, malamin daji ne, aikinsa renon itatuwa da bin masu sara a gefen dajin Rugu. Gidan da aka ba mu katanga ɗaya ce tsakaninsa da ofis, muna zaune da Inna, kakarku ta wajen uba, da yayarku, da Sani, ga Hadiza a goye. Yadda na tarar da aikin shi ne, kowace wasiƙa sai an buga ta kwafi biyar da kabon, ko da kuwa ta neman hutun kwana uku ce. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta shiga fayil, sauran ukun babu wanda ya san amfaninsu, su ma sai a cusa a fayil har ya kumbura ya ƙi rufuwa. Idan wata ya ƙare, masinja ya kwashe rarar ya zuba a wani rami bayan ofis, ya yayyafa kananzir ya ƙyasta ashana. Hayaƙin kabon baƙi ne mai ɗaci, kuma gidanmu yake fara sauka. Toka ta shiga randa, ta ɓata shanya, Inna ta kwana uku tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Akwai wata ɗorawa a bakin ramin, gefenta ɗaya duk ya babbake ya daina toho.

Babanku ba ya iya wuce ramin nan ya yi shiru. Shi ne ya fara gaya mani cewa da itace ake yin takarda, na ce wasa yake yi, don ni a zatona da auduga ake yinta. Ya ce shi yana can yana ba tsiro ruwa da bokiti, yana rigima da mutane a kan reshe ɗaya, mu kuma muna nan muna ƙona daji a rami da sunan aikin gwamnati. Na ji maganar, amma ban yi komai ba. Ba zan yi maku ƙarya in ce tausayin itace ne ya fara motsa ni ba, matsi ne.

Shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Ku ba ku san su ba sai a labari. Sabulu sai an yi layi, madara ta zama abin marmari, ko'ina sai ka ji an rage ma'aikata. A ofis aka daina kawo takarda. Ƙunshin takardar da muke cinyewa a mako ya zama sai mun ja shi wata da watanni. Kirtanin tafireta ya bushe har rubutu ya koma kamar an yi da ruwan toka, tawadar hatimi ma ta ƙafe, wasiƙa sai dai shugabanmu ya sa hannu da biro ta tafi haka nan. Wata rana na tsaya ina kallon masinja yana loda takardu zai kai rami, alhali ina da wasiƙa goma a gabana babu abin bugawa. Na ɗauki ɗaya na juya, sai ga bayanta fari tas. Na ce masa ya sauke kayan nan.

Shugabanmu, Alhaji Bature, mutum ne mai sanyin hali da tsoron doka. Da na kai masa shawarar mu riƙa bugawa a bayan tsofaffin takardu, mu kuma rage kwafi daga biyar zuwa biyu, sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi bai ce a yi ba, bai kuma ce kada a yi ba, amma in kula da sirrin mutane. Wannan kalma ta sirri ita ce ta sa na kafa wa kaina doka da nake gani ta fi kowace hikima: kowa a bayan takardarsa. Idan zan rubuta wa malami wasiƙa, sai in buɗe fayil ɗinsa in zaro rarar kwafi daga ciki in buga a baya, don kada maganar wani ta je hannun wani. Tsohon ambulan ma mu farke mu juya mu liƙe da ƙaro.

Abin ya yi kyau, har na fara jin kaina. Ramin ya mutu, ciyawa ta fito a ciki. Inna ta daina tari, ta koma zama a tsakar gida tana kaɗi. Takardun da ba na sirri ba na yanka da reza na ɗinke da zare, aka raba wa makarantu yara suna lissafi a kai. Babanku ya riƙa ba abokansa labari a majalisa, wai matarsa ta fi shi tsaron daji kuma ba ta taɓa shiga ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ba mai yawan yabo ba ne.

Da damina ta faɗi aka ba ni wasiƙu da yawa a rana ɗaya, na kiran shugabannin makarantu su zo taron shirin jarrabawar shiga sakandare. Hadiza tana haƙori, tana ta kuka a bayana. Ina zaro takarda daga kowane fayil, ina duba suna a sama kawai, in juya in buga. A cikinsu akwai ta Malam Sule, hedimastan wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye gaba da Tsaskiya. Sau biyu na taɓa ganinsa, dogo ne siriri mai furfura a gemu, ba ya zama a ofis sai an ce ya zauna. Shi kaɗai ne malamin boko a makarantar, sai wani mai koyar da Arabiyya.

Aka yi taro bai zo ba, aka ce hanya ce ta yanke. Bayan mako uku mai duba makarantu ya dawo da rahoto cewa makarantar a rufe take, Malam Sule ya miƙa makulli ga mai unguwa ya koma gona, ba izini ba sallama, ga jarrabawa ta matso. Alhaji Bature ya yi ta juya rahoton, ya ce abin ya ba shi mamaki, amma doka a fili take. Ya rubuta takardar kora da hannunsa ya miƙo mani in buga.

Na buɗe fayil ɗin Malam Sule don in ɗauki lamba. A ciki kowace takarda tana da lambar shafi da jan biro a kusurwa, sai na ga ɗaya babu. Na duba jerin da ke jikin bangon fayil, inda tsohon akawu ke rubuta abin da kowane shafi ya ƙunsa. A gaban lambar da ta ɓata an rubuta: takardar sallama daga aiki, an janye, ba a aika ba. Shekaru kafin in zo an taɓa jera sunayen waɗanda za a rage, an buga masu takardu an doka hatimi, daga baya aka cire wasu, har da shi, takardar ta zauna a fayil babu wanda ya sani. Ita na zaro ran nan. Na aika wa bawan Allah takardar kora da sunansa, da hatimi shuɗi ɓaro-ɓaro, a daidai lokacin da kowa ke kwana da tsoron kora.

Gabana ya faɗi. Amma zan gaya maku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan tsoron, tunanin da ya fara zo mani shi ne babu wanda zai gane. Malam Sule ya riga ya yarda an kore shi. Idan na buga sabuwar ta tafi, zai ɗauka maimaici ne. Cire takarda daga fayil kuwa laifi ne da ake korar mutum a kai, kuma albashina ne ke riƙe da rabin tukunyarmu. Na sa takardar a tafireta har na buga layin farko. Sai na zare ta, na ce wa Alhaji kirtani ya tsinke sai Litinin.

Da la'asar ina tuƙa tuwo na faɗa wa Babanku, ban san Inna tana ji daga bakin ɗakinta ba. Shi ya shiga lissafin abin da zai biyo baya, ya ce a bari ya sami wani babba ya shiga tsakani, ko za a rufa asiri a gyara a hankali. Inna ta ajiye mazari.

"Rabi, mutumen nan yana da ɗiya?"

Na ce na ji an ce yana da su da yawa.

"To ke kin san abin da za ki yi, so kike wani ya hana ki. Ni ba ni hana ki. Numfashin da nike ja yanzu ta dalilinki na same shi, amma in da abincin ɗiyan wani aka saya mani shi, a maido mani tarina."

Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Na ji haushinta a ranar, don ba ita za a kora ba. Yau kuwa babu sallar da nake yi ban sa ta a addu'a ba.

Ranar Asabar muka hau akori-kura ni da Babanku da Hadiza a baya. Mota ta kafe sau biyu kafin Tsaskiya, daga can muka taka da ƙafa cikin laka. Muka sami Malam Sule a gona yana maimai, riga duk ƙasa. Da ya gane ni sai ya ajiye fartanya ya yi mana gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi Alhaji da mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, kamar ba su ne yake zaton sun kore shi ba. Ya kai mu gida, matarsa ta kawo fura. Na kasa sha. Na roƙe shi ya ɗauko mani takardar da aka aiko masa. Ya shiga ɗaki ya fito da ita a naɗe cikin leda, ya miƙo da hannu biyu.

Na ce, "Malam, ka juya bayanta."

Ya ce ai ya gani, inuwar bugun ce ta fito ta baya. Na ce ya fita da ita rana ya duba. Ya fita tsakar gida ya ɗaga ta, ya matso da ita kusa da ido, leɓensa yana motsi. Ya karanta kiran taro, ya ga sa hannun Alhaji Bature. Ya juya ɗaya gefen, sai a lokacin ya lura da shekarar da ke sama. Ya ce shi da ya ga sunansa ya ga hatimi bai ƙara duba komai ba, domin tun da ya fara aiki bai taɓa ganin hatimi ya yi ƙarya ba. Babanku ya tambaye shi abin da ya hana shi zuwa ofis ya ji ba'asi. Ya ce ya ga waɗanda suka fi shi an sallame su sun je suna durƙuso a bakin ofis, bai ga wanda aka mayar ba, shi ya sa ya ga gara ya riƙe mutuncinsa ya karɓi ƙaddara.

Na faɗa masa komai, har da layin da na fara bugawa. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon takardar.

"Malama, wagga ɗin, a lokacinta ta gaske ce?"

Na ce ta gaske ce, janye ta aka yi.

"Ashe duk shekarun ga cikin rahama nike ban sani ba. Alhamdu lillahi. Ke kuma Allah shi saka maki da kika tako. Mi za su yi maki?"

Na ce ban sani ba. A nan ne na yi kuka, a gaban mutumin da na sa ya yi mako uku yana kallon iyalinsa da baƙin ciki, shi kuma yana tambayar abin da zai same ni.

Ranar Litinin na shiga wurin Alhaji Bature na ajiye masa takardar, gefen hatimi a sama. Ya karanta, ya juya, ya sake juyawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce rahoton mai duba makarantu ya riga ya wuce sama, makaranta ta yi mako uku a rufe, dole laifin ya hau kan wani, ko Malam Sule ko ni. Ya tuna mani cewa shi bai taɓa ba ni izini a rubuce ba. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, a rubuta nawa. Ya yi kwana biyu yana kai da kawo a wurin manya, abin da ban sani ba sai daga baya. Kora aka so yi, shi ya tsaya ya ce in dai za a kore ni to a haɗa da shi, tunda a gabansa aka yi wata da watanni ana bugawa. Mutumin da nake yi wa kallon matsoraci ke nan. Aka tsaya a kan takardar gargaɗi da canjin wurin aiki zuwa Batsari.

Da yake ni kaɗai ce mai tafireta, ni na buga takardar hukuncina da hannuna. Alhaji ya buɗe durowa ya ba ni sabuwar takarda fara daga 'yan waɗanda yake ɓoyo, na ce ya bar ta. Na ɗauko tsohuwa daga tarin da ba na fayil ba, na ja mata jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa, na rubuta an soke, sannan na juya na buga. Ya kalle ni ya ce to daga yau haka za a riƙa yi, kuma kada a sake taɓa fayil ɗin mai rai. A wannan karon ya rubuta ya sa hannu. Ba a koma ƙona takarda a ofishin ba har ya yi ritaya, kuma da na je Batsari na tarar da nasu ramin, shi ma na kashe shi.

Batsari ba nisa ba ce a yau. A lokacin kuwa man mota ya yi wuya, mota sai ranar kasuwa, kuɗinta ya fi ƙarfin zuwa kowane mako. Babanku ba zai iya barin aikinsa ba, ɗakin da na samu can kuma ɗaya ne a gidan wata tsohuwa 'yar ƙauyen Darini. Aka yanke in tafi da Hadiza, yayarku da Sani su zauna wurin Inna, in riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Sani bai san komai ba, shekararsa uku. Yayarku kuwa ta kai shida, ta gane. Kun san ban taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, kuma a gaban Inna ko ɗaukarta ba na yi. Saboda haka ko a lokacin ban zaunar da ita na yi mata bayani ba, kunya ta hana ni, na bar ta tana tsintar magana a bakin manya.

Ranar tafiya muna tasha da safe, Inna da yara sun rako ni, an ɗaure akwatina a bayan mota, sai ga Malam Sule a kan keke, wando a naɗe, laka har gwiwa. Tun asuba ya taso. Ya ce ya zo ne ya gaya mani ya buɗe makaranta, yara sun dawo, 'yan aji shida za su zauna jarrabawa. Sai ya hangi yayarku ta riƙe gefen zanena tana kuka ba sauti. Ya jingine keken, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa a gabanta cikin ƙasa.

"Ɗiyata, ni na ɗauke maki uwa. Ki yafe mani."

Ta ɓoye fuska a jikin Inna. Direba ya yi hon, na hau mota ban ce komai ba.

Yanzu da ke nake, ke da kika ji wannan magana kina shekara shida kika riƙe ta. Na san kin riƙe, domin ranar da aka aiko da rasuwar Malam Sule na ce ki raka ni gaisuwa, kika ce ba ki da abin faɗa wa mutanen gidan. Ya faɗi haka ne don ki sami wanda za ki ji haushi ba ni ba, ni kuma na bar shi ya ɗauka, na yi shiru shekara da shekaru domin ya fi mani sauƙi. Bai ɗauke maki kowa ba. Ni na yi kuskuren, ni na zaɓi in faɗa, kuma ko yau aka mayar da ni gaban tafiretar nan zan sake zare takardar. Matarsa tana nan da rai a ƙauyen, ta tsufa ƙwarai. Idan hanya ta yi lafiya ina so ki kai ni, ki gaishe ta da bakinki.